Shekarun Da Na Yi Ina Ɗinki Ba A Lissafa Mini Su A Fansho Ba

Ni tela ce, kuma da keken ɗinki nake cin abinci a birnin Landan tun shekarar 2008. An haife ni a Zariya a 1964, na biyo maigidana zuwa Ingila a 2004 tare da 'ya'yanmu, kuma bisa dokar Birtaniya sai na cika shekara 67, wato a 2031 idan Allah Ya kai mu, sannan zan fara karɓar fanshon gwamnati. Dalilin rubuta wannan labari shi ne abin da na tarar a 2023, cewa a cikin shekaru goma sha biyar da na yi ina sana'a da rajista, ina miƙa takardar haraji a kan kari, biyar kaɗai aka lissafa mini a matsayin shekarun da za su ba ni fansho. Babu wanda yake bi na bashi, hukuma ma ba ta bi na ko kwabo, amma duk da haka kashi biyu cikin uku na wahalar da na sha ba su shiga lissafi ba.

A Birtaniya fanshon gwamnati bai rataya a kan yawan harajin da mutum ya biya ba, bai kuma rataya a kan daɗewarsa a ƙasar ba. Ya rataya ne a kan wani kuɗi dabam da ake kira inshorar ƙasa, da kuma yawan shekarun da aka rubuta wa mutum cewa ya cika zubinsa. A sabon tsarin da ya fara aiki ranar 6 ga Afrilun 2016, sai mutum yana da cikakkun shekaru 35 kafin ya sami fansho gaba ɗaya, wanda a shekarar haraji ta 2025 zuwa 2026 ya kama fam 230.25 a mako. Wanda shekarunsa ba su kai 35 ba, ana rage masa gwargwadon abin da ya rasa, wanda kuma bai kai shekara 10 ba, ba shi da komai. Mai aikin albashi ba ya shan wahalar wannan lissafi, domin kafin albashin ya iso hannunsa an riga an cire masa. Haka maigidana yake: shekara da shekaru yana aiki a rumbun ajiyar kaya, kowane wata ana yankar masa, yana ƙorafi a kan yankan, alhali yankan nan shi ne yake gina masa tsufansa. Mai zaman kansa kuwa, irin tela da direban tasi da mai aski da mai girkin biki, shi ne mai gidan kansa kuma shi ne yaron kansa, saboda haka babu wanda zai cire masa idan bai miƙa ba.

A lokacin da na fara sana'a, zubin mai zaman kansa iri biyu ne. Akwai Aji na 2, ɗan kuɗi ƙayyadadde da bai kai fam uku a mako ba, akwai kuma Aji na 4, wanda ake ɗauka kashi-kashi daga riba idan ta haura wani mizani. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, ƙaramin ne yake sayen fansho. Babban, wanda a shekarun albarka yakan kai ɗaruruwan fam, a wancan lokaci bai ƙara wa mutum ko mako guda a lissafin fanshonsa.

Na fara ɗinki ne a ɗakin cin abinci na gidanmu, da keke guda da teburin yanka da maigidana ya haɗa mini. Nakan je kasuwar Petticoat Lane in sayo atamfa da leshi da shadda, in ɗinka wa matan unguwa kayan suna da na Sallah. Kuɗin ba su da yawa, amma na ƙi yarda in yi sana'a a ɓoye, domin ina neman zama na dindindin kuma ba na son wata matsala ta biyo ni. Sai aka haɗa ni da wani akanta da ke yi wa mutanenmu aiki, ya yi mini rajista da hukumar haraji. Da ya duba littafin da nake rubuta ciniki, ya ga ribata ba ta kai fam dubu biyar a shekara ba, sai ya ɗaga kai yana murmushi ya ce, "Hajiya, ke ai ba a bin ki komai. Akwai takardar yafewa ga masu ƙaramar riba, bari in cike miki, ki huta da wannan kuɗin na mako-mako." Na sa hannu ina yi masa godiya, na koma gida na gaya wa maigidana cewa Allah Ya haɗa mu da mutumin kirki.

Takardar halas ce, doka ce ta tanade ta, kuma akantan bai yi mini ƙarya ba. Abin da bai faɗa ba shi ne cewa yafewar ta shafi biyan kuɗin ne kaɗai, shekarar kuwa za ta wuce babu ita a lissafina, kuma ina da damar ci gaba da zubawa bisa raɗin kaina ko da an yafe mini. Bayanin yana nan a rubuce cikin takardun gwamnati, amma wanda na biya domin ya fahimtar da ni abin da ke cikinsu bai tsaya a wannan layin ba. A tunaninsa aikinsa shi ne ya rage mini abin da zan fitar a bana, kuma ya rage. Haka aka riƙa sabunta takardar duk lokacin da wa'adinta ya cika, har zuwa 2015. Duk abin da na tsira da shi a shekara bai kai fam 150 ba, kuɗin da a lokacin nake samu daga ɗinkin amarya guda.

A 2015 aka sauya hanyar karɓar kuɗin, aka haɗa Aji na 2 da takardar harajin da ake miƙawa kafin ƙarshen Janairu. Wannan ya zo daidai da lokacin da kasuwa ta buɗe mini. Na kama wani ɗan lungu a cikin shago a Peckham, na sayi keken aiki babba, matan Najeriya da Ghana da Saliyo suka fara kawo mini anko na biki, wani lokaci mutum ashirin kala ɗaya. Riba ta haura mizanin, sai kuɗin ya shiga cikin jimlar harajina da kansa, fam 2.80 a mako, na riƙa biya ba tare da na san abin da nake saye ba. Waɗannan su ne shekaru biyar ɗin da na tarar an rubuta mini.

Sai annobar korona ta zo a Maris na 2020. Aka hana taruka, aka ɗage bukukuwa, kayan mutane suka yi watanni rataye a shago babu mai zuwa karɓa, kuɗin haya kuwa bai tsaya ba. Ko da aka haɗa da tallafin da gwamnati ta bai wa masu zaman kansu, bayan an cire haya da sauran kashe-kashe ribata ta faɗi ƙasa da fam 6,475, wanda shi ne mizanin shekarar. A takardar haraji akwai wani ɗan akwati da mutum zai yi wa alama idan yana son ya biya Aji na 2 don raɗin kansa, fam 3.05 a mako. Ba a yi masa alama ba, a shekarar da ta biyo baya ma haka. Na sake jin wannan kalma mai daɗi, cewa ba a bi na komai, kuma a irin halin da ake ciki a lokacin ji na yi kamar an sauke mini kaya.

Babbar 'yata ce ta fara jin labarin a 2023, lokacin da kafafen yaɗa labarai suka cika da maganar cewa wa'adin cike giɓin tsofaffin shekaru ya kusa ƙarewa. Ta zo shago da yamma, ta tarar ina kafa zif a wata riga, ta ce, "Umma, kin taɓa duba hasashen fanshonki kuwa?" Na ce mata ni da nake biyan haraji kowace shekara me zan duba. Ta karɓi lambar inshorata da fasfo, ta buɗe mini shafi a dandalin gwamnati na gov.uk a wayarta, ta ajiye wayar a kan teburin yanka tsakanin almakashi da alli. Shekarun suna jere daga sama zuwa ƙasa, kowace da abin da aka rubuta a gabanta. Tana ja da yatsa tana karanta mini: ba ta cika ba, ba ta cika ba, ba ta cika ba. Ina jin tana kiran 2011 na tuna shekarar ce na yi ɗinkin Sallah har idona ya kumbura, ta kira 2013 na tuna ita ce shekarar da bayana ya fara ciwo saboda zama a kan keke. Na kashe keken, na zauna ina kallon wayar, na kasa cewa komai.

Lissafin a fili yake. Idan na ci gaba da cika kowace shekara har zuwa 2031, zan tashi da shekara 14 cikin 35, wanda a farashin shekarar 2025 zuwa 2026 ya kama kimanin fam 92 a mako. Kowace shekara guda da aka rasa tana rage wa mutum kimanin fam 6.58 a mako, wato sama da fam 340 a shekara, kuma ragin zai bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Shekarar da za a iya saye da ƙasa da fam 200 tana mayar da kuɗinta cikin watanni bakwai na farko da fara karɓar fansho. Ban san wata sana'a da take da irin wannan riba ba, kuma ban san wata asara da take faruwa shiru irin wannan ba, domin idan haraji ne ba ka biya ba wasiƙu za su yi ta zuwa har da tara, amma kuɗin da aka ce na ganin dama ne babu mai bin ka a kansa. Kamar adashi ne wanda uwar adashin ba ta zuwa karɓar zubi, ba ta kuma yi maka tuni, sai ranar kwasa ta buɗe littafi ta nuna maka inda sunanka ya tsaya.

Maigidana ya so ya kwantar mini da hankali. Ya ce, "Ai nawa zai cika, kuma abin da nake da shi naki ne." Na san har zuciyarsa ya faɗa, amma tsarin da aka shigo da shi a 2016 ya ɗora kowa a kan tarihin zubinsa na kansa. Damar da matan da suka gabace mu suke da ita ta jingina da zubin mazajensu an cire ta ga irinmu, kuma abin da mace za ta gada daga fanshon mijinta idan ya riga ta kaɗan ne, sau da yawa ma babu. Ya girme ni da shekaru, kuma rai a hannun Allah yake, amma ba daidai ba ne mace ta gina tsufanta a kan kuɗin da zai tsaya ranar da aka kai mijinta makwancinsa.

Abin da ya cece ni shi ne sassaucin da gwamnati ta yi. A ƙa'ida shekaru shida kaɗai mutum yake iya komawa baya ya cike, amma saboda sauyin tsarin an buɗe ƙofa ta musamman har zuwa shekarar 2006, kuma bayan jama'a sun yi cincirindo a layukan waya an ƙara wa'adin zuwa 5 ga Afrilun 2025. Kafin in biya komai, 'yata ta nace sai mun kira Future Pension Centre, ofishin da ke duba wa mutum ko biyan wata shekara zai ƙara masa fansho ko ba zai ƙara ba, domin akwai waɗanda shekarun kafin 2016 ba sa ƙara musu komai. Matar da ta amsa ta yi mini tambayar da babu wanda ya taɓa yi mini: ina da yara ƙanana a waɗancan shekaru, kuma da sunan wa ake karɓar kuɗin yara, wato tallafin da gwamnati ke bai wa iyaye? Da sunan maigidana ne, domin lokacin da muka zo bizata ba ta ba ni damar karɓar tallafin gwamnati ba. Ashe wanda sunansa ke kan kuɗin yaran ana rubuta masa shekarar kyauta saboda reno, kuma shi maigidana bai da buƙatar wannan kyauta tunda ana cire masa daga albashi. Muka cike takardu muka nemi a mayar da su kaina, aka amince, na sami shekaru shida ba tare da na biya ko peni ba. Da na yi gaggawar biya, da na sayi abin da yake nawa ne tun asali.

Sauran shekaru shida kuwa, huɗu na zamanin takardar yafewa da biyu na korona, sai da na biya. A nan ne rajistar da na yi tun 2008 ta yi mini rana. Da yake akwai shaidar cewa ina sana'ar kaina a waɗannan shekaru, an bar ni na biya a farashin Aji na 2, tsofaffin shekarun a kan fam 163.80 kowace ɗaya. Wanda ba shi da wannan shaida sai dai ya biya Aji na 3, wanda a lokacin ya kama fam 824.20 a shekara, ninki biyar ke nan. Duka abin da na fitar kimanin fam dubu ɗaya ne. Na tattara shi daga cinikin Babbar Sallah, hukumar haraji ta HMRC ta ba ni lambar biya, na tura ta banki, bayan wani lokaci shekarun suka sauya a shafin suka koma cikakku.

Ba kowa ne ya sami wannan dama ba. Akwai wani dattijo, Bahaushen Kumasi, wanda ya daɗe yana aski a unguwarmu, duk muna kiransa Baba. Ya yi shekaru masu yawa yana karɓar kuɗi a hannu ba tare da rajista ba, kuma da ya kai shekarun ritaya cikakkun shekarunsa ba su kai goma ba, don haka bai sami fansho ba. Bai kwana da yunwa ba, domin akwai tallafin da ake kira Pension Credit wanda ake bai wa tsofaffi marasa abin hannu, kuma wannan tallafi ne mutanenmu da yawa suke kafa hujja da shi su ce me ya sa za su wahalar da kansu tunda gwamnati za ta cike musu. Amma tallafin na mazauna Birtaniya ne, kuma a ƙa'ida idan mutum ya wuce mako huɗu a waje sai a tsayar. Na taɓa tambayarsa, "Baba, yaushe za a koma gida ne?" Ya ce, "'Yata, gidan na gina, amma idan na koma me zan ci?" Yana da ɗaki a zango da jikoki da ke jiransa, yana nan zaune cikin sanyin Landan saboda abincinsa a nan aka ɗaure shi.

Fanshon da mutum ya zuba wa kuɗi kuwa haƙƙinsa ne, yana bin sa duk inda ya koma. Akwai sharaɗi guda da ya kamata duk mai niyyar komawa gida ya sani: a Najeriya da Ghana ba a yi wa fanshon ƙarin da ake yi kowane Afrilu, yana tsayawa ne a adadin da yake lokacin da mutum ya bar Birtaniya, domin babu yarjejeniyar ƙarin tsakanin ƙasashen. Wannan ya sa adadin da mutum zai tafi da shi yake da muhimmanci ƙwarai, tunda ba zai ƙaru ba. Ni da maigidana muna da fili a Zariya, kuma a wurina bambancin da ke tsakanin fam 92 da abin da zan samu yanzu shi ne bambancin da ke tsakanin in koma da ƙafata da in zauna ina jiran abin da 'ya'ya za su aiko.

Daga Afrilun 2024 an sake sauya dokar. Yanzu mai zaman kansa da ribarsa ta kai mizanin ƙaramar riba, fam 6,845 a shekarar 2025 zuwa 2026, ana rubuta masa shekarar ba tare da ya biya Aji na 2 ba. Wannan gyara ne mai kyau, amma a ganina ya bar ramin a daidai inda ya fi haɗari. Wanda ribarsa ta gaza mizanin har yanzu sai ya nemi ya biya da kansa, fam 3.50 a mako a shekarar 2025 zuwa 2026, kuma su wane ne waɗannan? Matan da ke ɗinki a ɗaki ne, da masu ƙunshi da kitso, da masu soya cincin da dambun nama don biki, da duk wanda ciwo ko reno ya rage masa aiki a wata shekara. Su ne suka fi kowa buƙatar fanshon, su ne kuma labarin da ya isa kunnensu shi ne cewa an soke kuɗin gaba ɗaya. Zubin nan ba fansho kaɗai yake karewa ba, yana shafar kuɗin haihuwa ga mace mai sana'ar kanta, da tallafin rashin lafiya, da abin da ake bai wa miji ko mata idan ɗayansu ya rasu.

Idan Allah Ya ba ni lafiya na cika sauran shekarun, zan kai 2031 da shekara 26, kimanin fam 171 a mako a farashin shekarar 2025 zuwa 2026. Tara ɗin da suka rage ba zan same su ba, domin na shigo ƙasar ina da shekara arba'in. Na sauya akanta, kuma kowace Janairu kafin a tura takardata sai an nuna mini jimlar ribar da idona, idan ta gaza mizanin a yi wa akwatin alama in biya kafin 31 ga wata.

Ƙofar 2006 ta rufe tun 5 ga Afrilun 2025, an koma ƙa'idar shekaru shida, kuma kowane Afrilu shekara guda tana fita daga abin da za a iya gyarawa. Akwai wata ƙanwata a sana'a da muke raba shago, mai ɗaurin ɗankwali da kwalliyar amare, wadda korona ta yi wa abin da ta yi mini. Mun duba nata, shekarar 2020 zuwa 2021 tana nan ba ta cika ba, kuma tana da har zuwa 5 ga Afrilun 2027 ta biya. Ta fara ware fam biyar a kan kowace amarya da ta yi wa kwalliya.